Gida da Masara: Shekara Ɗari ta Alkawarin Muhalli a Kaduna, Daga GRA Zuwa Unguwar Mu'azu

Wanda ya hau babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda mutanen Kaduna ke kira Bayafas, ya bi ta bayan Tudun Wada ya nufi Kabala West, zai ratsa ta gefen Unguwar Mu'azu, ɗaya daga cikin cunkusassun unguwannin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. Gidajen da ke wurin iri ɗaya ne da na Kinkinau da Rigasa da Unguwar Sanusi: shago a gaba, soro ko ƙofar ƙarfe, ɗakunan haya jere a tsakar gida, rijiya ko burtsatse a kusurwa, kwata tana bin gindin katanga tana neman hanyar rafi. Kusan duk bulon da ke jikin waɗannan gidaje daga aljihun mai gida ya fito, wani daga albashi, wani daga ribar kasuwa, wani daga adashin uwargida ko kuɗin gadon gona da aka sayar a ƙauye.

Amma a rubuce, al'amarin ba haka ya kamata ya kasance ba. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin karkata manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni mai kyau kuma wadatacce. Wannan magana ba sabuwa ba ce, domin tana cikin Kundin 1979. Tazarar da ke tsakanin wancan sashe da tsakar gidan haya a Unguwar Mu'azu tana da tarihi, kuma tarihin nata shi ne tarihin yadda gwamnatoci daban-daban suka zaɓi inda za su sa kuɗi a birnin Kaduna tun daga ranar da aka kafa shi.

Birnin da aka tsara domin ma'aikata

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da fadar da ta girme ta. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a ƙasar Gbagyi, inda layin dogo daga Legas zuwa Kano ya tsallake kogi. Sojoji suka fara sauka a wajajen 1913, sannan a 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Lugard ta fitar da dokar tsara birane, wadda ta kasa gari gida-gida. Akwai keɓaɓɓen yanki na Turawa, wanda daga baya aka san shi da GRA, mai faffadan filaye da itatuwa da tituna. Akwai wurin zaman 'yan ƙasa. A tsakaninsu dokar ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga wannan ɓangare ya kai wancan.

Abin lura a wannan tsari shi ne ma'anar da ya bai wa gidan gwamnati. Gida wani ɓangare ne na ladan aiki. Razdan yana da nasa, Di'o yana da nasa, akawu yana da kwatas daidai matsayinsa, soja da ɗan sanda suna da bariki, ma'aikacin reluwe yana da nasa layin. Lebura da ɗan dako da mai sayar da abinci da mai wanki, waɗanda birnin ba zai yi kwana ɗaya ba sai da su, ba su shiga lissafi ba. Su aka bari su nema wa kansu wuri a Sabon Gari da Tudun Wada da ƙauyukan da ke kewaye.

Su kuwa suka yi abin da suka saba yi a garuruwansu. A ƙasar Hausa baƙo ba ya rasa wurin kafa bukka. Yakan je wurin mai unguwa ko dagaci, a nuna masa fili, dangi da maƙwabta su taya shi da gayya, a kwaɓa ƙasa a yi tubali, a ɗora azara ko jinka. Sunayen unguwannin Kaduna da kansu suna ba da wannan labari: Unguwar Rimi, Unguwar Shanu, Unguwar Dosa, Unguwar Sarki, Unguwar Sanusi, Unguwar Mu'azu. Sunaye ne irin na wuraren da jama'a suka taru suka kafa, suka raɗa musu suna da bakinsu, kafin mai awon gwamnati ya iso da taswirarsa. Tun daga nan Kaduna ta zama birni biyu a wuri ɗaya, wanda baitulmali ya gina da wanda talakawa suka gina.

Zamanin Sardauna da masaƙu

Lokacin da mulki ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta fuskanci babban giɓi. Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani, ba ta da masana'antu, kuma hedikwatarta ba ta kai ta Ibadan ko Inugu ba. Saboda haka kuɗi suka tafi makarantu da horar da ma'aikata da gine-ginen hukuma da kafa masana'antu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Cikin 'yan shekaru Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, aka kafa masana'antar kayan soja, aka gina Otal ɗin Hamdala da filin wasa na Ahmadu Bello.

Wannan zaɓi yana da hujjarsa, kuma ya yi amfani. Sai dai kowace masaƙa da aka buɗe kira ce ga dubban samari daga Katsina da Zazzau da Binuwai da Filato da Barno. Birnin da mutanensa ba su kai 50,000 ba a farkon shekarun 1950 ya kai kusan 150,000 a ƙidayar 1963. Gidajen da gwamnati ta gina na ministoci ne da manyan sakatarori da sauran ma'aikatanta, wato dai tsarin Turawa ne aka gada, masu shiga gidajen ne kawai suka sauya. Ma'aikacin masaƙa ya kama ɗaki ɗaya a Kakuri ko Makera ko Nasarawa, shi da abokansa, idan ya yi aure ya raba ɗakin da labule.

Gwamnatin ba ta rasa ganin matsalar ba. Ta ɗauko wani masanin tsara birane daga Ingila, Max Lock, wanda shi da abokan aikinsa suka bi birnin lungu-lungu suka fitar da babban kundin tsarin Kaduna a 1967, mai hangen shekara hamsin, har zuwa 2017. Kundin ya fito a mummunan lokaci. An kashe Sardauna a Janairun 1966, an rushe Jihar Arewa an kasa ta shida a 1967, yaƙin basasa ya ɓarke a shekarar. Kaduna ta sauka daga hedikwatar fiye da rabin ƙasar Najeriya ta koma hedikwatar jiha guda, da baitulmalin jiha guda. Mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Inda aka tsara za a yanka filaye a ja ruwa a shimfiɗa titi kafin jama'a su iso, jama'a suka riga iso, gonaki suka zama fulotai a hannun masu unguwanni da dillalai. Da haka yammacin birnin ya cika.

Shekarun kuɗin mai

Idan akwai lokacin da Najeriya ta sami damar gwada ko gwamnati za ta iya gina wa jama'a gidaje, to shekarun 1970 ne. Farashin mai ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, bayan an yi masa kwaskwarima, ya yi alkawarin gidaje 202,000: dubu 50 a Legas, dubu 8 a kowace ɗaya daga jihohi 19. A 1977 aka mayar da tsohuwar ƙungiyar ba da rancen gini ta 1956 ta zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Da wa'adin shirin ya cika, abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba.

Ba rashin kuɗi ne ya jawo haka ba. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi wata da watanni suna jira a teku ana biyan su kuɗin jinkiri, simintin wasu ya daskare a cikinsu. A 1977 aka yi bikin al'adun baƙaƙen fata na FESTAC. Legas ta sami rukunin gidajen Festac, Kaduna kuwa, da yake ita ta karɓi baƙuncin hawan daba, ta sami Otal ɗin Durbar. Wannan katafaren gini ya yi zamaninsa, daga baya ya shafe shekaru a rufe ana shari'a a kansa, har aka rushe shi a Janairun 2020. Rukunan gidaje masu sauƙin kuɗi da aka gina a wurare irin su Malali da Barnawa, waɗanda ake kira Lokos, suna nan har yau ana zaune a cikinsu. Gidaje ne masu amfani, amma adadinsu bai kai ya canza rayuwar ɗan haya a Tudun Wada ba, kuma mafi yawansu a hannun ma'aikata suka ƙare.

Abin da ya fi tasiri daga wancan zamani doka ce. A Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ga mutumin Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin an ɗauko ruhinta daga dokar filaye ta Arewa ta 1962, ita kuma daga shelar Turawa ta 1910. Manufar da aka bayyana ita ce a hana 'yan kaɗan tara filaye, a sauƙaƙa wa kowa samu. Abin da ya faru a aikace shi ne, mallakar da bankuna da kotuna suka fi amincewa da ita ta koma takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna, kuma sayarwa ko jinginar da fili a birni sai da yardarsa. Dokar ta kuma ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, a biya diyyar gini da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Mutumin da ya sayi fuloti a Unguwar Mu'azu da takardar ciniki mai hatimin mai unguwa da shaidu biyu ya mallaki gidansa a idon maƙwabtansa, amma a idon doka matsayinsa mai rauni ne. An kuma cusa dokar cikin Kundin Tsarin Mulki, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran Kundin.

Jam'iyyar gida da masara

A zaɓen 1979 alamar jam'iyyar NPN gida ne da masara, kuma Alhaji Shehu Shagari ya ɗauki abinci da muhalli a matsayin manyan alkawuransa.  Shirin ya tanadi gidaje 2,000 a kowace jiha da Abuja duk shekara, wato 40,000 a shekara, 160,000 a zango ɗaya, mafi yawansu masu ɗaki ɗaya domin masu ƙaramin ƙarfi. Zuwa tsakiyar 1983 an kammala kimanin 32,000, kashi ɗaya cikin biyar ke nan.

Dalilan sun haɗu ne daga wurare da yawa. Kuɗin na tarayya ne, amma filin, bisa dokar 1978, na gwamna ne, gwamnoni da dama kuma 'yan adawa ne. A wurare da yawa filayen da aka bayar suna can nesa da gari, babu ruwa, babu wuta, babu motar haya, har wasu gidajen suka shekara ba kowa a ciki. Zane ɗaya aka yi wa ƙasa baki ɗaya, ba a kula da cewa gidan Bahaushe yana bukatar soro da katanga da tsakar gida inda mata za su sake ba. Kwangiloli sun zama hanyar sallamar 'yan jam'iyya. A Jihar Kaduna kuma siyasa ta riga ta cinye lokacin kowa: Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya yi mulki ba kwamishinoni saboda majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da sunayen da ya aika, har ta tsige shi a Yunin 1981. Daga nan farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sojoji suka karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983. Abin da ya saura shi ne rukunan da har yau ake kira gidajen Shagari a manyan garuruwa, har da Barnawa.

A daidai wannan lokaci Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje a Legas da kuɗin jiha, a filayen da ke hannunsa, kusa da inda mutane ke aiki. Wannan ya nuna cewa abin yana yiwuwa idan fili da kuɗi da niyya suna hannu ɗaya.

Daga gini zuwa cirar albashi

Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 gwamnati ta fara janye hannunta. Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 ta yi taken gida ga kowa kafin shekarar 2000, amma hanyar da ta zaɓa ita ce ta bashi. Dokar 1992 ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma ya sami damar neman rance a kan ruwan kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. Dokar ta kuma umarci bankuna da kamfanonin inshora su zuba wani kaso na kuɗinsu, abin da ba su cika ba. A 1994 gwamnatin Abacha ta sake shelar gidaje 121,000, jama'a suka biya kuɗin ajiya, aka gina 'yan kaɗan.

A nan dokar 1978 da ta 1992 suka haɗu suka rufe ƙofa. Rance yana bukatar jingina, jingina tana bukatar takardar gwamna. Malamin firamare da ke zaune a Unguwar Mu'azu ana cire masa kuɗin asusun kowane wata, amma filin da ya saya da guminsa ba shi da takardar da banki zai karɓa. Ɗan kasuwa da bakanike da tela kuwa, waɗanda su ne mafi yawan mazauna unguwar, ba su da takardar albashin da za a auna su da ita. Asusun ya zama tulun da kowa ke zuba wa ruwa, masu dogon hannu kaɗai ke kaiwa ga ɗiba.

Sannan masifu biyu suka sauka a kan birnin. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ci rayuka da gidaje masu yawa, suka kuma sake zana taswirar Kaduna bisa addini. Musulmi da dama suka bar unguwannin kudancin kogi suka koma Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Mu'azu da maƙwabtansu, Kiristoci da dama suka bar waɗannan wurare suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora. An sayar da gidaje a wulaƙance, an yi musayar wasu, haya ta tashi a ɓangarorin biyu. A shekarar 2002 ɗin ce kuma masaƙar KTL ta rufe, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka zauna ba albashi, wasu ba a ma biya su haƙƙinsu na sallama ba. Mai neman wuri mai araha ya gangara bakin kogi da bakin rafuka, inda ambaliya irin ta 2003 da ta 2012 ta same shi. A shekarun baya-bayan nan waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Birnin Gwari da ƙauyukan Igabi da Chikun sun ƙaru a kan na da, suna raɓe a gidajen dangi.

Gadoji da takardu

Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, daga 2015 zuwa 2023, ta zo da amsa mai fuska biyu. Ta sayar da gidajen gwamnati kusan 2,000, kamar yadda gwamnatin tarayya ta yi a Abuja bayan 2003 lokacin da shi ne ministan birnin, wanda hakan ya kusan rufe babin kwatas da Lugard ya buɗe. Ta kafa hukumar KADGIS domin mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta da bai wa masu gidaje takardun mallaka, matakin da ya nufi ainihin ciwon da dokar 1978 ta haifar. A 2019 kuma ta ƙaddamar da shirin sabunta birane, aka faɗaɗa tituna, aka gina gadar sama ta Kawo, aka sake gina kasuwanni.

Masu goyon baya suna cewa titi na kowa ne, mai gida da ɗan haya duk suna binsa, kuma birnin da ba a iya zirga-zirga a cikinsa ba ya jawo jari. Maganarsu tana da nauyi. Masu suka suna nuna rusau da aka yi a kasuwanni irin su Kasuwar Barci a 2020 da gidajen da aka rushe a Kaduna da Zariya, suna tambayar inda waɗanda abin ya shafa suka kwana. Akwai kuma batun bashi. Jihar ta karɓi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, kuma a Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Bashin dala, bayan faɗuwar darajar naira, yana cin kason jihar tun kafin ya iso. Duk abin da za a yi wa unguwanni irin Unguwar Mu'azu a shekaru masu zuwa daga ragowar zai fito.

Haƙƙi ne ko alfarma?

A fagen dokokin duniya amsar a fili take. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta ambaci muhalli, haka ma yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ta 1966, wadda Najeriya ta shiga a 1993. A 2001 Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, a ƙarar da aka shigar kan abin da ya faru a ƙasar Ogoni, ta yanke cewa haƙƙin matsuguni yana ƙunshe cikin Yarjejeniyar Afirka, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983.

A cikin gida kuwa, abin da sashe na 16 ya bayar, sashe na 6 ya karɓe, domin ya hana kotuna sauraron ƙara kan ko gwamnati ta cika abin da ke Babi na Biyu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 1981 a shari'ar Akbishop Okogie da gwamnatin Legas. An share Maroko a Legas a 1990, aka kori mutane kimanin 300,000 cikin 'yan kwanaki. Sai dai ƙofar ba a kulle take gaba ɗaya ba. A 2002, a shari'ar Jihar Ondo da gwamnatin tarayya kan dokar hukumar ICPC, Kotun Ƙoli ta nuna cewa majalisa tana iya yin doka ta mayar da wani sashe na Babi na Biyu abin da za a tilasta. An yi wa ilimi irin wannan a 2004, aka ware masa kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na tarayya. An yi wa lafiya a 2014, aka ware mata kashi 1. Muhalli bai sami irin wannan kaso ba, abin da yake da shi shi ne wanda ake cira daga albashin ma'aikaci. A 2022 kaɗai tallafin man fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4. Wannan ya isa ya nuna inda fifiko yake.

Rubuta haƙƙi a Kundi ma ba ya gina ɗaki. Afirka ta Kudu ta sa shi a nata Kundin na 1996, kuma a shekarar 2000 Kotun Tsarin Mulkinta ta yanke a shari'ar Irene Grootboom cewa dole shirin gwamnati ya tanadi wani abu domin waɗanda ke cikin matsananciyar bukata. Matar ta rasu a 2008 tana zaune a ɗakin kwano. Duk da haka hukuncin ya canza dokokin ƙasar, ya sa korar mutane daga matsuguninsu ba tare da umarnin kotu da duba inda za su koma ba ta zama abu mai wuya. Singafo, wadda ta fara a 1960 har ta kai kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanenta suna zaune a gidajen hukuma, ƙaramin tsibiri ce mai gwamnati ɗaya da ma'aikata masu albashi, yanayin da Kaduna ba ta da shi. Misalin da ya fi kusa yana Dakar, inda a 1972, da rancen Bankin Duniya, aka yanka dubban filaye aka kai musu ruwa da hanya, aka bar mutane su gina da kansu sannu a hankali. Unguwar da aka kafa a lokacin yanzu babban yanki ce ta birnin.

Abin da tarihin ya nuna

A cikin shekara ɗari, a manyan shirye-shiryen da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina gida ta miƙa makulli, abin da ta kammala bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na alkawarinta ba, kuma ma'aikatanta ne suka fi amfana. A cikin wannan shekara ɗarin, mutanen Kaduna sun gina wa fiye da mutum miliyan ɗaya wurin kwana da kuɗinsu, ɗaki bayan ɗaki, ko da buhun siminti ya haura naira 10,000 kamar yadda ya yi a farkon 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ƙarfin gini yana hannun jama'a. Abubuwan da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba su ne waɗanda suka rage: babbar magudanar da za ta ɗauke ruwan unguwa zuwa kogi, bututun ruwan sha, titin da motar kashe gobara za ta iya shiga, filin makaranta da na asibiti da aka keɓe tun kafin a cinye shi, da takardar da za ta sa magidanci ya kwana da sanin cewa ba za a wayi gari a shafa wa katangarsa jan fenti ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waɗannan su ne ɓangaren jinkar da ke kan gwamnati.

Idan aka fassara haƙƙin muhalli ta wannan hanya, ya zama abin da za a iya sa wa farashi a kasafin kuɗi, a kuma iya kai ƙara a kansa. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin dokar da za ta hana rusau sai da sanarwa da sauraron masu gida da umarnin kotu da diyya. Tana iya rage kuɗin takardar mallaka ga tsofaffin unguwanni, ta amince da takardun ciniki na masu unguwanni a matsayin matakin farko na shaida. Gwamnati tana iya yanka filaye masu ruwa da hanya a gefen birni tun kafin dillalai su riga ta, aikin da kundin Max Lock ya hango, aka sake nanata shi a sabunta kundin da aka yi a 2010. Tana iya sa ido kan haya, domin mafi yawan mazauna irin waɗannan unguwanni 'yan haya ne da ake nema su biya kuɗin shekara a dunƙule daga albashin wata.

Kowace shekara gwamnatin Jihar Kaduna tana wallafa kasafin kuɗinta da rahoton yadda aka kashe shi. Mai karatu da ke son sanin matsayin muhalli a wurin masu mulki yana iya buɗe shafukan manyan ayyuka, ya nemi layin magudanun ruwa da na ruwan sha da na raba filaye, ya kwatanta abin da aka ware musu da abin da aka saki, sannan ya dubi abin da ya tafi biyan bashi da gyaran gidajen gwamnati da sayen motocin jami'ai. Amsar da Unguwar Mu'azu ke jira tun zamanin da take gonaki tana cikin waɗannan layuka, kuma damina mai zuwa za ta gwada ta.